Ɗakin Karatu da Makomar Littafin Hausa a Tudun Wadar Zariya

Mutanen Tudun Wadar Zariya maƙwabta ne ga gidan da aka reni rubutun Hausa na boko. A Zariya Hukumar Talifi ta zauna ƙarƙashin Rupert East, kuma gasar da ta shirya a 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, a 1966 kuma kamfanin NNPC ya ci gaba da ɗab'in littattafai.

Sai dai buga littafi daban, kai shi hannun mai karatu daban. Magabata sun san haka. Shi ya sa hukumomin En'e suka buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa, shi ya sa kuma a zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha. Wanda ya koyi haɗa baƙi da wasali, in bai sami abin karantawa ba, kafin a jima sai ya koma gidan jiya.

A nan amfanin laburare yake. Yaro ba ya gogewa a karatu da littafin aji kaɗai, sai ya karanta da yawa, don marmari, ba don jarrabawa ba. Magidancin da ke fama da cefane kuwa ba zai iya saya wa kowane ɗa littafi goma ba. Amma littafi ɗaya a kan kantar aro yana iya zaga gidaje masu yawa kafin ya tsufa.

Harshen littafin ma abin dubawa ne. Yaron da ya fara da Hausa, da zarar ya furta kalma ya san ma'anarta, don da ita aka yi masa magana tun yana goye. Wanda aka fara masa da harshen da bai ji ba, aiki biyu ke gabansa: haɗa haruffa da laluben ma'ana. In karatu ya zauna da harshen gida, Turanci da Larabci sun fi saurin shiga.

Mun ga shaida a shekarun 1980 da 1990, lokacin da shagunan hayar littattafai suka yawaita a Kano da sauran garuruwa. Matan aure na aika yara su karɓo musu littattafan Balaraba Ramat Yakubu ko na Ado Ahmad Gidan Dabino, kuma da yawansu ta haka hannunsu ya faɗa a karatu. Ashe ba ƙin karatu muke yi ba, rashin abin da zai ja mu ne.

Zariya na da manyan ɗakunan karatu, irin su na Kashim Ibrahim a Samaru da na Kennedy a Kongo, amma domin ɗalibai da masu bincike aka gina su. Abin da unguwa ke bukata ƙarami ne: ɗaki ɗaya a makarantar firamare ko Islamiyya, da kanta, da tabarmi, da rajistar aro, da amintaccen mai kula. A sa littattafan boko da na ajami. Tun da Tudun Wada matattarar jama'a ce daga ko'ina, a nemi na Fulatanci da Yarbanci da Nufanci.

Kira gare mu, masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin matasa da masu hannu da shuni: a ba da ɗaki, a fito da littattafan da ke kwance cikin akwatuna gara na ci. Iyaye kuma su bar yara, maza da mata, su je su yi aro. Littafin da aka bayar don jama'a su karanta sadaka ce mai gudana. Allah ya ba mu ikon yi.