Hidimar Gida da Aikin Albashi

A ƙasashe da yawa mata ba sa samun aikin albashi kamar yadda maza suke samu. Babban dalili shi ne hidimar gida, wato renon yara, girki, ɗebo ruwa da jinyar tsofaffi, waɗanda ba a biyan kowa kuɗi a kansu. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ne suke yin kashi 76 cikin ɗari na irin wannan aiki. Ya ce hidimar ta hana mata miliyan 606 neman aiki, maza kuwa miliyan 41.

Doka takan taimaka. A Nijar ma'aikaciya tana da hutun haihuwa na mako 14, a Nijeriya kuwa dokar ƙwadago ta ba da mako 12 da aƙalla rabin albashi. Sai dai wannan hutu bai kai ga mai ƙuli-ƙuli ko mai dama fura ba. Ita idan ta haihu, ciniki ya tsaya. Sau da yawa 'yarta ce take ɗaukar talla ko goyon ƙani, har ta bar makaranta. Idan ta girma, ita ma samun aikin albashi zai yi mata wuya.