Daga Hanji da Rumbu Zuwa Hanta

A hanjin kowane mutum akwai ƙwayoyin halitta tiriliyoyi, yawancinsu masu amfani: suna taya narkar da abinci, suna sarrafa ruwan ɗacin da matsarmama ke zubowa. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta daga hanji da maƙwabtansa yake fitowa, don haka abin da ya dagule a can, hanta ce ke fara karɓarsa.

A 2013 masu bincike a Japan sun nuna cewa ƙiba kan sauya ƙwayoyin hanjin ɓeraye, har su riƙa mai da ruwan ɗaci wani sinadari mai ingiza kansar hanta. A jikin ɗan Adam ana kan bincike, har da kansar magudanar matsarmama.

Ga manomin Gaya ko Ajingi kuwa, barazanar da aka tabbatar tana cikin rumbu. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sarai ba kan yi fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin. Tafasa ba ta kashe ta, suya ma haka, shi ya sa take bin ƙuli-ƙuli har kwano. Idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin kansar hanta yakan ninka sau da yawa. Tun 2004 Najeriya ke yi wa jarirai rigakafin wannan ciwo. Waɗanda aka haifa kafin nan, gwajin jini ya kamace su.

Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe, fumfuna marar guba da ake watsawa a gona don ta kore mai gubar.