Idan Garkuwar Jiki Ta Juya Kan Mai Ita

Tun bayan korona masu tallar magani da lasifika suka samu sabon kirari. Daga kasuwar Talata Mafara har Bakura da Maradun, kowace kwalba wai tana "ƙara ƙarfin garkuwar jiki". Mai ciwon gaɓɓai ya saya, mai kumburin ƙafa ya saya. Abin da ke damuna shi ne, akwai cututtuka fiye da 80 da garkuwar ce da kanta ke haddasa su. Ƙarfinta na nan, hanya ce ta ɓace mata.

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda likitoci ke kira "T". Aikinsu irin na 'yan sintiri ne, kuma ba sa kai hannu sai sun samu alama biyu. Da farko a nuna musu abin da ake zargi, su gane shi. Sannan a yi kururuwar cewa lallai ɓarna ake yi. In babu kururuwar nan sai su yi lakwas, don mai yiwuwa ɗan gida ne. Bayan haka akwai wasu ƙwayoyin T ɗin da aikinsu kawai tsawatar wa 'yan'uwansu. Shimon Sakaguchi na Japan ne ya gano su a 1995, kuma a 2025 aka ba shi kyautar Nobel tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka. Mu a Zamfara ba sai an ja mana bayani ba kan abin da ke biyo baya idan aka yi kururuwa kan ɗan gari, kuma babu mai cewa a dakata. Haka jiki ke yi wa kansa. In gaɓɓai aka far wa, su kumbura har yatsu su lanƙwashe. In ƙwayoyin da ke samar da insulin ne, yaro ya kamu da ciwon sukari. In masu ba fata launi ne, farin tabo ya fito, mutane su hau cewa kuturta ce ko jifa.

Cikin waɗannan cututtuka, wadda ta fi ci mini rai tana farawa ne da ciwon maƙogwaro. Wata ƙwayar cuta mai haddasa shi, mai suna Streptococcus, tana da sassan da suka yi kama da naman zuciya. Yaro, galibi ɗan shekara 5 zuwa 15, zai yi zazzaɓi da zafin haɗiya. Garkuwa ta tashi yaƙi kamar yadda ya dace. Bayan mako biyu zuwa uku, a wasu yaran, sai yaƙin ya koma kan gaɓɓai da ƙofofin zuciya saboda wannan kamar. A ce sanyi ne, a shafa man zafi. Duk lokacin da abin ya dawo ƙofofin na ƙara lalacewa, har wata rana budurwa ta kasa hawa tudu, ko mai ciki numfashi ya gagare ta. Sai a kwasa zuwa Gusau ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda wani lokacin tiyata kaɗai ta rage, kuɗinta kuwa ya fi ƙarfin manomi.

Mutum fiye da miliyan 40 ke fama da wannan ciwon zuciya a duniya, kuma tun 2018 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da ƙudurin yaƙarsa. Rigakafinsa penisilin ne, tsohon magani mai araha. Wanda ya taɓa kamuwa yana buƙatar allurarsa duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, don haka kamata ya yi ta kasance a ƙaramin asibitin kowace mazaɓa. Wannan haƙƙi ne a wuyan hukumomin lafiya na jiha da ƙananan hukumomi.

Iyaye kuma, idan yaro ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, yanke beli a wurin wanzami ba ya kashe ƙwayar. A kai shi asibiti a duba, kuma in an rubuta magani a shanye shi duka, ko da yaron ya warware.