Yawan Taki, Bikin Tsutsa

Ku tambayi iyayenku labarin shekarar 2016, za su gaya muku yadda tumatir ya gagari talaka a kasuwar 'Yan Kaba, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki don rashin kaya. Wata 'yar tsutsa ce ta yi wannan ɓarna. Manoma suka laƙaba mata suna Sharon, masana kuma suna kiranta Tuta absoluta. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, daga can ta bazu zuwa Afirka. Wani ɗan malam-buɗe-littafi mai yawon dare ne ke haifar ta, kuma macen kan zuba ƙwai har 260. Tsutsar na shigewa cikin ganye da 'ya'yan tumatir, inda feshi ba ya cim mata da sauƙi.

To, shin tumatir ba shi da makami? Yana da shi. Ku shafa ganyensa, za ku ji gashi-gashi da wani wari mai ƙarfi. Gashin nan yana fitar da danƙo mai maƙale ƙananan ƙwari. Cikin ganyen kuma akwai wani sinadari mai ɗaci da ake kira tomatin. Idan tsutsa ta fara ci, shukar kan aika saƙo zuwa sauran ganyaye, su haɗa sinadarin da ke hana tsutsar narkar da abinci. Har ƙamshi take saki wanda ke kiran wasu ƙananan zanzaro masu kashe tsutsa.

Abin da muke so a lura da shi shi ne, ƙarfin waɗannan makamai ya danganta da abincin da aka ba shukar. Buhun takin kamfa yana ɗauke da haruffa uku, NPK. Harafin N shi ne naitirojin mai sa ganye, shi ne kuma ya cika takin yuriya. Idan ya yi yawa, ganye kan yi kore shar, ya yi taushi, sinadaran kariya su ragu. Manomi yana murna, tsutsa da farin ƙuda suna biki, suna girma da sauri. Harafin K kuwa, wato fotashiyam, yana ƙarfafa jikin shuka. Ita ma shukar da ta ji yunwa ba ta jure hari. Daidaito ake nema.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A gefen Sharada da Challawa akwai lambunan bakin Kogin Challawa, a ɓangaren Bompai kuma akwai na bakin Jakara. Ruwan kwatar gari da ke kwarara can yakan zo da nasa naitirojin, sai a ƙara masa yuriya. Ruwan masana'antun jima kuma yakan zo da gishiri mai gajiyar da saiwa.

Shawararmu ga masu lambu a gida ko a makaranta: a sa takin gargajiya da ya ruɓe sosai, a raba takin zamani kashi-kashi, a duba ƙarƙashin ganye kullum, a tsinke wanda ya kamu a binne shi. Kada a yi feshi barkatai, don yana kashe zanzaron da ke taimakonmu. Ku kai wannan saƙo gida, rigakafi ya fi magani.