Kafin a Haƙa Kwamin Ruwa a Bayan Gida

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, mutanen Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa suka saba ganin ruwa a tare, rani da damina. Yanzu sha'awar ta shigo cikin gida: mai hali yana son wurin ninƙaya irin na otal, mai neman na cefane yana son kwamin kiwon tarwaɗa. Sau da yawa kuskurensu ɗaya ne. Sai an gama gini a dubi lungun da ya yi saura, a ce a haƙa a nan. Alhali abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ta ina ruwan zai shigo, ta ina zai fita, kuma me zai taɓa idan ya yi yoyo.

Ruwa yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Lita 1,000 tan 1 ce, saboda haka kwami mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, zurfin mita 1 yana ɗauke da tan 12. Idan aka ɗora shi a kan tsohon kududdufi da aka cike da shara, ƙasar za ta lotsa, siminti ya tsage. A fadama kuwa, ruwan ƙasa yana tasowa a watan Agusta, har yakan turo kwamin sama idan an kwashe ruwan cikinsa. A wajen Riruwai, inda dutse yake kusa, kuɗin haƙa ne zai karya mutum. Gwajin ruwan ƙasa ba shi da tsada: a haƙa rami da tsakiyar damina, a rufe bakinsa ya kwana. In an wayi gari ruwa ya tsattsafo a ciki, a sake wuri. Madatsar Bagauda ma, da injiniyoyi suka gina, ta ɓalle a daminar 1988, balle aikin birkila ɗaya da lebura biyu. Wuri mai ɗan tudu ya fi, domin kwatar tsakar gida ba za ta gangaro ciki ba, kuma ana iya zubar da ruwan ba tare da inji ba.

Sai maƙwabtan kwamin. Ma'aikatan lafiya sukan ba da shawarar a bar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma ruwan da yara za su shiga ko kifi zai rayu a ciki ya cancanci irin wannan kulawa. Danshi yana cin gindin katangar ƙasa, saiwar darbejiya tana fasa siminti, ganyenta kuma yana ruɓewa a ruwa. Ruwan tarwaɗa yana da ƙarni. In ya bi ta ƙofar maƙwabci, maganar sai ta kai gaban mai unguwa, in kuwa aka karkatar da shi lambu, ya zama taki.

Wani zai ce sutura ta fi komai, don haka a kai kwamin ƙuryar da ba a gani. Gaskiya ne ana bukatar katanga da za ta tare idon waje. Amma kada ta tare idon uwargida, domin yaron da ya faɗa ruwa ba ya samun damar ihu. A ajiye kwamin inda ake hangensa daga madafa ko rumfa, a kewaye shi da shinge mai ƙofa da kwaɗo. Wani kuma zai ce filinsa ƙarami ne, ba shi da zaɓi. To, ba dole sai an haƙa ba: kwamin tamfol ko tankin roba a kan daɓe yana kiwon kifi, kuma ana iya matsar da shi. Mai shirin haƙa kwami ya daure ya ga damina guda a filinsa kafin ya sayi buhun siminti na farko.