Ƙudan Zuma Mai Yankan Ganye a Gonakin Gobir

Daga cikin nau'o'in ƙudan zuma kusan 20,000 da masana suka tantance a duniya, mafi yawansu ba su da amya, ba su da sarauniya, kuma ba sa tara zumar da mutum zai ɗiba, domin kowace mace ita kaɗai ke gina gidanta ta tanadi abincin 'ya'yanta. Ɗaya daga cikin dangoginsu shi ne wanda masana ke kira Megachile, wato ƙudan zuma mai yankan ganye, wanda ke yaɗuwa a faɗin Afirka, har da ƙasar Gobir, inda manoman Kamarawa da Isa da Sabon Birni kan tarar da gefen ganye a yanke, zagaye sumul, su ɗora laifin a kan fara ko tsutsa.

Macen ba cin ganyen take yi ba. Idan damina ta kankama sai ta nemi rami siriri a cikin busasshen kara, ko tsohon itace, ko jikin bangon ƙasa, ta riƙa yanko ganye da muƙamuƙinta tana jera shi har ya zama ɗan ɗaki, sannan ta cika shi da garin fure, wato ƙurar nan da ke sa tsiro ya yi 'ya'ya, wadda take ɗaukowa a gashin ƙasan cikinta, ta kwaɓa da ruwan zaƙin fure, ta saka ƙwai guda, ta toshe. Haka take jera ɗakuna har bakin ramin, kuma abin mamaki shi ne ƙwayayen da za su zama mata take sakawa can ciki, na maza kuwa kusa da ƙofa, saboda su ke fara fitowa. Uwar kan mutu cikin 'yan makonni ba ta ga ko ɗaya ba. Tsutsar da ta fito daga ƙwan sai ta cinye guzurinta, ta saƙa wa kanta mayafi na zare, ta kwanta a ciki har rani ya wuce.

A nan ne hatsarin yake, domin karan da ake tarawa a cinna wa wuta lokacin sharar gona yakan tafi da zuriyar baɗi gaba ɗaya, feshin maganin ƙwari da safe kuma, sa'ad da furen wake yake buɗe, yana kashe iyayen suna tsakiyar aiki. Wake yana iya barbarar kansa, amma ziyarar ƙudan zuma tana ƙara masa yabanya, kuma a Kanada da Amurka har kiwon wani nau'in wannan dangi ake yi domin gonakin alfalfa, ciyawar dabbobi. Manomin Gobir ba ya buƙatar sayen komai: ya isa ya mayar da feshi zuwa yamma, ya kuma bar tsohuwar danga da ɗan kara a gefen gona har ruwan sama ya sauka.