Kwanci, Ƙyanƙyasa da Renon Raunanan 'Yan Tsaki a Wanke

A Wanke, ƙasar Gusau cikin Jihar Zamfara, kiwon kaji galibi aikin mata ne, kuma kaza ita ce ajiyarsu ta ranar bukata. Saboda haka mutuwar tsako guda ma hasara ce.

Kalmomi uku ne ginshiƙin wannan aiki. Ta farko ita ce kwanci, watau zaman da kaza ke yi bisa ƙwai cikin akurki har kwana 21, tana juya su, tana ɗumama su. Ƙwan zabuwa kuwa, wanda akan sa wa kaza, yakan kai kwana 28. Ta biyu ita ce ƙyanƙyasa, watau fitar tsako daga ɓawo. Ta uku ita ce baragurbi, ƙwan da aka bari a gurbi bai ƙyanƙyashe ba.

Tsakon da ya fito a raunane, sanyi ya fi yunwa saurin kashe shi. Dalili kuwa, gwaiduwa takan shige cikinsa kafin ya fito, ta riƙe shi kwana biyu ko uku, amma jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. To, sai a sa shi cikin ƙwarya da tsumma kusa da murhu, musamman da hunturu. In ya bushe, a tsoma bakinsa cikin ruwa mai ɗumi da ɗan sukari, amma kada a yi masa ɗura, don yana iya shaƙewa. In ya miƙe, a ba shi tsakin gero da gara, a mayar wa uwarsa da dare.